Ɗigon Baƙin Mai da Ya Ƙi Tsayawa

Corolla ce ƙirar 2005, ta wani maƙwabcina a Kano. An yi mata juyen mai, an sa sabuwar filta da aka sayo a Ƙofar Ruwa, washegari sai ga tabon baƙin mai a inda ta tsaya. Abin mamakin shi ne, in motar ta kwana a kashe, ɗigon ba ya ƙaruwa. Sai an tayar da ita an taka totur kaɗan yake dawowa.

Da aka kai ta gareji, yaron garejin ya fara da notin juye mai, ya ƙara masa ƙarfi. Ogansu ya ce ya bari. Notin nan a ƙasan tukunyar mai yake, da shi ne da ɗigon bai san dare ko rana ba. Man da ke zuba sai inji na aiki, famfo ne ke tura shi, don haka a nemi ɓarakar a inda mai ke bi da ƙarfi. Aka goge ƙasan injin tas, aka tayar, aka haska. Mai na tsattsafowa daga bakin filta.

Nan mai mota ya ce ya gano. "Oga, ai wannan ta fi waccan tsawo. Tun jiya na lura."

"Alhaji, tsawo ba ya zubar da mai."

Ogan ya yi gaskiya. Toyota na da gajeriyar filta mai lamba 90915-YZZF2 ta injin 1ZZ na Corolla, da doguwa mai lamba 90915-YZZF1 ta Camry mai injin lita 2.4. Tiredinsu ɗaya, robar bakinsu na zama wuri ɗaya, kuma da yawa na ɗaura doguwar a Corolla ba tare da matsala ba.

Sai zargi ya koma kan roba. Sau da yawa tsohuwar robar kan manne a jikin inji, a ɗora sabuwa a kanta, biyun su kasa riƙe mai. Aka kwance. Wurin fes, roba ɗaya ce, ba ta tsage ba.

Wajen mayarwa ne asiri ya tonu. Ogan ya murza filtar zagaye biyu da hannu, ya girgiza ta, sai ta yi rawa a kan bututun da ake ɗaura ta. Ya ɗauko tsohuwar daga kwandon shara, ya murza, ta zauna daram. Da aka bi lambar jikin kwalin sabuwar, ashe filtar Honda ce.

Ga yadda aka yi ta shiga. Tiredin Toyotar nan na awon inci ne, ana rubuta shi 3/4-16: faɗinsa milimita 19.05, tazarar haƙoransa kusan milimita 1.59. Na Honda kuwa M20 x 1.5 ne, wato faɗi milimita 20, tazara 1.5. Bambancin faɗin bai cika milimita ɗaya ba, shi ya sa filtar Honda ke hawa bututun Toyota har ta yi kamar ta ɗauru, alhali bakin haƙoran kawai ta kama. Da mai ya matso, sai ta ɗan ɗaga, roba ta saki. Ɗigon ma sauƙi ne. Irin wannan filtar na iya fincikewa ana cikin gudu, man ya tsiyaye cikin ɗan lokaci, inji ya buga. Mai shagon da ya sayar da ita dai da ido ya gwada, ya ga gwangwani kusan ɗaya.

To tsakanin gajeriya da doguwa na Toyotar fa? Doguwar na da ƙarin takardar tacewa, amma ga mai juye mai a kan lokaci ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ni gajeriyar da kamfani ya rubuta zan sa, tunda bawul ɗin cikinta, mai buɗe wa mai hanya in takarda ta toshe, an yi shi ne daidai da injin. In doguwar kaɗai aka samu, a duba ba ta taɓa komai ba, a sa.

Idan za ka sayi filta, tafi da lambar, kada ka tafi da kamannin. Kafin a ɗaure kuma, ka sa bakanike ya murza ta zagaye biyu ya girgiza a gabanka.