Haɗarin da ke tattare da sauya wa ƙaramin jirgin ruwa inji

Tun da aka kammala madatsar ruwan Challawa a ƙaramar hukumar Ƙaraye a 1992, ruwa ya shiga rayuwar mutanen Kurugu da ƙauyukan da ke kewaye da shi har zuwa ɓangaren Rogo. Galibin jiragen da ke kan irin wannan ruwa kwale-kwalen katako ne, amma duk mai jirgin inji, na katako ko na alminiyam, wata rana zai fuskanci tambaya guda: idan injin ya mutu aka samo wani na hannu wanda bai dace da mazauninsa ba, a gyara jirgin ne ko a haƙura da injin?

Mazaunin shi ne allon bayan jirgi, inda ake ɗaure injin. Shi ke ɗauke da nauyinsa, shi ke karɓar ƙarfin turawar farfela, kuma shi ne katangar da ke tare ruwa ta baya. Ƙafar ƙananan injuna na zuwa ne da tsayi biyu da aka fi sani: gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20. Ana son fallen da ke saman farfela ya yi daidai da gindin jirgi. Idan ya yi sama, farfela ta riƙa shaƙar iska, injin kuma ya rasa ruwan sanyaya shi. Idan ya nutse da yawa, sai jirgi ya yi nauyin tafiya, man fetur ya ƙone a banza.

A nan ne dabarar masu walda ke shigowa, kuma a nan ne haɗarin yake. Mafi muni ita ce yanke allon don gajeren inji ya kai ruwa. Inci biyar ba komai ba ne a ido, amma an rage katangar jirgi ke nan a daidai wurin da ya fi nauyi, inda injin da tankin mai da direba suka taru. Da zarar direba ya rage gudu farat ɗaya, igiyar ruwan da ke bin jirgin sai ta afko ciki ta baya.

Ƙara tsayin allon bai kai haka muni ba, muddin an yi masa tokara mai ƙarfi daga ciki. Sai dai alminiyam ba kamar baƙin ƙarfe ba ne. Zafin walda na raunana shi a gefen ɗinkin, girgizar inji kuma takan tsaga shi sannu a hankali. Kusoshin baƙin ƙarfe na cin jikinsa idan danshi ya daɗe a tsakaninsu, katakon da ake sakawa a cikin allon kuma yakan ruɓe ba tare da an gani ba. Ga batun nauyi: inji mai ƙarfin doki 40 ya kusa ninka mai doki 15.

A Amurka, tun 1972 doka ta tilasta wa masu ƙera jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba su manna alamar da ke nuna iyakar ƙarfin inji da nauyin da jirgi zai ɗauka. Jirgin da aka ƙera ko aka sake wa fasali a bakin dam ba shi da irin wannan alama, sai ƙiyasin mai shi.

Kanawa sun san tsadar ƙiyasi. A ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a madatsar Watari ya kife, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Lodin da ya wuce kima aka ɗora wa laifi, ba inji ba, amma lissafin ɗaya ne: tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa.

Hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja ce doka ta ɗora wa rajista da binciken jiragen ruwan cikin gida, madatsar Challawa kuwa tana hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are. Tambayar da ta dace matasan Ƙaraye da Rogo su yi wa hukumomin biyu da shugabannin ƙananan hukumominsu ita ce: wa ke duba jirgi bayan an yanke shi an sake masa inji, kafin fasinja na farko ya taka cikinsa?