Iska Na Wahalar da Mai Kayan Kara: Bayani Kan Hawan Keke Cikin Iska

Gabatarwa

Keke abin hawan talaka ne, kuma duk wanda ya san ƙauyukan Ƙafin Maiyaki da yankin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ya san da shi manomi yake zuwa gona, da shi ɗalibi yake zuwa makaranta, da shi ake kai buhun masara kasuwa. Sai dai mahayinsa yana da abokin hamayya wanda ido ba ya gani, watau iska. Manufar wannan taƙaitaccen bayani ita ce a nuna cewa ba ƙarfin iska kaɗai ke ka da mahayi ba, abin da ya fi ka da shi shi ne zuwanta ba zato da ɗaukewarta ba sallama.

Yadda Keke Yake Tsayuwa

Keke mai ƙafa biyu daidai da juna, mai sarƙa, irin wanda muka sani, ya samo asali ne daga wanda John Kemp Starley ya fitar a Ingila a 1885. An daɗe ana zaton juyawar ƙafafunsa ce ke hana shi faɗuwa. To, a 1970 wani masani Baturen Ingila, David Jones, ya ɗaura wa keke wata ƙafa mai juyawa baya don ta kashe wannan tasiri, amma duk da haka ya hau ya tuƙa. A 2011 kuma masana daga jami'ar Delft ta Holan da ta Cornell ta Amurka suka ƙara tabbatar da cewa keke na iya daidaita kansa ba tare da wannan tasiri ba. Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da keke ya karkata gefe, sai kansa ya ɗan juya zuwa wannan gefen, tayoyin su koma ƙarƙashin nauyin, ya miƙe. Ashe ke nan tafiyar keke faɗuwa ce da ake ta gyarawa, kuma duk abin da ya hana kan keke wannan ɗan motsi ya kawo faɗuwar gaske.

Ire-iren Iska

Hausa ta bambanta iskoki, kuma kowace da halinta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ga ƙura ga sanyi, amma ba ta cika yaudara ba. Guguwa kuwa, wadda ke tashi da tsakar rana a lokacin bazara, takan murɗa ta wuce cikin ɗan lokaci. Wadda ta fi haɗari ita ce iskar da ke gaban hadari a farkon damina. A ƙasar Hausa hadari yawanci daga gabas yake tasowa, kuma iska mai sanyi da ke saukowa daga cikinsa takan riga ruwan isowa, ta bugo a lokaci guda.

Ya kamata mai karatu ya lura da wata ƙa'ida: idan gudun iska ya ninka sau biyu, turinta yakan ninka sau huɗu. Alal misali, iska mai gudun kilomita 40 a awa ta ninka mai kilomita 20 sau huɗu wajen turi, mai kilomita 60 kuwa sau tara. Har ila yau, turin yana ƙaruwa gwargwadon faɗin abin da ta samu. Wannan shi ne hikimar karin maganar da muka sa a kan wannan bayani: kara ba shi da nauyi, amma yana da faɗi. Haka babbar riga, da tabarma, da kwanon rufi da aka ɗaure a kariya.

Mu ɗauki hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, wadda galibinta kudu ta nufa. Tun 1972 hannun dama ake bi a Nijeriya. Saboda haka iskar gabas takan tura mai tafiya kudu zuwa gefen hanya, amma mai komowa arewa tsakiyar titi take tura shi, gaban motoci. Daɗin daɗawa, mahayin da ya jingina jikinsa ga iska, da zarar ya shiga bayan gini ko kuka, ko babbar mota ta gifta ta tare masa ita, sai abin da ya jingina da shi ya gushe, ya tafi ta gefen da iskar ta fito.

Dabarun Zama Daram

Na farko, a riƙe kan keke da hannu biyu, riƙo mai kyau, amma kada a sandare gwiwar hannu, domin sandararren hannu yana hana keke gyaran da muka ambata. Na biyu, a sunkuya a rage tsawo, a tattare riga a cusa ta, kada ta zama tanti. Na uku, a rage gudu amma kada a daina taka feda, gama keken da ya kusa tsayawa ya fi wuyar daidaitawa. Na huɗu, idan iska ta bugo, a ɗan karkata jiki gare ta, kada a damƙe birkin gaba da ƙarfi, musamman a kan yashi. Na biyar, a ɗaure kaya ƙasa ƙasa, dogon kaya a miƙe shi bisa tsawon keke, kada a rataya komai a kansa. Na shida, a karanta hanya: rassan itatuwa da ƙura da ke gaba su ne masu shelar abin da ke zuwa, kuma wajibi ne a yi shiri a bakin gada, da buɗaɗɗen fili irin na gefen madatsar ruwa ta Tiga, inda ba abin da ke tare iska.

Kammalawa

Dabarar da ta fi duka ita ce sanin lokacin sauka. Idan gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, to, a sauka a tura keke, a tsaya ta gefen da iska ke fitowa don kada ya faɗo wa mutum, a nemi gini mai ƙwari a fake. Kada a fake a gindin itace ko kusa da turken lantarki, saboda karyewar reshe da tsawa. Buhun masara zai iya jira hadari ya wuce, kasuwa kuma za ta sake ci wani makon.