Ruwan Ɗanyen Mangwaro: Abin Sha Na Lokacin Zafi

Ya ku 'yan kasuwa da magidanta na Gataa El Oued, da ku masu hawa da sauka tsakanin Tamanrasset, In Guezzam, Assamaka da Arlit, wannan takarda taku ce.

Tamanrasset tana kan tudu, kusan mita 1,400 sama da teku, shi ya sa zafinta bai kai na In Guezzam ba, wadda ke kimanin kilomita 400 kudu da ita. Amma kada sauƙin zafin ya ruɗe ku. Iskar hamada busasshiya ce, tana shanye gumi tun bai jiƙa riga ba. Mutum sai ya wuni a rumfa ko a bayan mota yana asarar ruwa bai sani ba. Kuma gumi ba ruwa kaɗai ba ne, da gishiri yake fita. Idan aka yi wunin aiki a rana ba a ci abinci sosai ba, ƙarancinsu yana kawo kasala, ciwon kai, jiri da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa.

Mutanen Indiya, waɗanda su ma suka san zafin bazara, suna da wani abin sha na ɗanyen mangwaro da suke kira aam panna. Mu ma ba baƙonmu ba ne, domin ko yara a Maraɗi da Damagaram sun san ɗanyen mangwaro da gishiri da yaji. Bambancin kawai shi ne a dafa shi a mayar da shi abin sha. Ɗanyen mangwaro yana da sinadarin bitamin C, tsaminsa kuma yana sa mutum ya sha ruwa da yawa ba tare da ya gundure shi ba. Idan kayan kudu sun iso kasuwa, ku zaɓi mai tauri, kore, marar tabo.

Yadda ake haɗawa

Ku nemi ɗanyen mangwaro 2 matsakaita, ruwa lita 1, sukari cokalin shayi 6, gishiri rubu'in cokalin shayi, ganyen na'ana'a kaɗan, da ɗan garin citta ko masoro.

Da farko ku wanke hannu da sabulu. Ku wanke mangwaron sosai, musamman wajen hancinsa, domin ƙaronsa yana ƙona leɓe da fata. Ku dafa shi da bawonsa har ya yi laushi, wajen minti 15 zuwa 20. Idan ya huce, ku ɓare, ku kankare naman daga jikin ƙwallon, ku dama shi har ya yi sumul. Ku zuba ruwan da aka tafasa ya huce, ku sa sukari, gishiri, dakakken na'ana'a da citta, sannan ku tace. Ku sanyaya shi a randa ko a gorar da aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Idan babu mangwaro, jiƙaƙƙiyar tsamiya ko lemun tsami za su maye gurbinsa, da awo iri ɗaya.

Abin kiyayewa

Gishirin a auna shi da cokali, ba da hannu ba. Idan kuka ɗanɗana kuka ji ya fi hawaye gishiri, ya yi yawa, ku ƙara ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin miya. Saboda haka kofi biyu ko uku sun isa ga mai aikin ƙarfi, sauran ƙishirwa kuma a kashe ta da ruwa zalla.

Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko na zuciya, ya sha ba gishiri. Mai ciwon suga ya bar sukarin. Mai gyambon ciki ya guji tsamin idan bai ci komai ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba a ba shi.

Ku masu sayarwa, amanar lafiyar jama'a tana hannunku. Ku rufe mazubi saboda ƙuda da ƙura, ku ɗiba da ludayi, kada ku tsoma kofin da aka sha. Kada ku sa ƙanƙarar da ba ku san ruwanta ba. Abin da ya kwana ba a firji ba, a zubar.

Lokacin zuwa asibiti

Wannan abin sha rigakafi ne, ba magani ba. Idan yaro ko babba yana gudawa ko amai, abin da ake bukata shi ne ƙullin ruwan gishiri da sukari na asibiti, wanda ake kira SRO ko ORS, yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zinc. Idan kuka ga mutum jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, ya suma, ko fitsarinsa ya ɗauke, ku kai shi inuwa, ku sassauta masa tufafi, ku jiƙa jikinsa da ruwa kuna masa fifita, sannan ku garzaya da shi asibiti mafi kusa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki.

Ku karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.