Daɓen katako a Ƙofar Dumi: Adon da ba ya jure a kulle gida a tafi

A Ƙofar Dumi, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Bauchi, wadda ta samo suna daga ƙofar ganuwar garin, gidajen bulo na ci gaba da maye gurbin na ƙasa. Wasu daga cikinsu na ma'aikatan da ke zaune a Abuja ne, waɗanda ba sa leƙo gida sai da Sallah ko biki. A irin waɗannan gidaje ne wani kan so a shimfiɗa masa daɓen katako mai sheƙi a falo, irin wanda ya gani a Maitama ko Asokoro. Kuɗin ba kaɗan ba ne, sau da yawa tarin shekaru ne na albashi, amma damina guda ta isa ta lalata shi idan ba a san halinsa ba.

Halin kuwa shi ne katako ba ya daina motsi ko bayan an sare shi. Yana shan danshin iska ya kumbura, yana fitar da shi ya tsuke. Masu sana'ar a Amurka sun fi son danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, abin da yanayin Bauchi ba ya bayarwa. Da hunturu iska kan bushe har ƙasa da kashi 20, sai a ga tsaga ta buɗe tsakanin alluna. A watan Agusta kuwa, lokacin da ruwa ya kankama, allunan su kumbura su matse juna, idan ba su sami wurin miƙewa ba su tashi su yi tozo.

Saboda haka rabin kariyar tun kafin shimfiɗawa ake yin ta. Simintin da ke ƙasa sai ya bushe sarai, wanda kan ɗauki makonni, sannan a sa leda mai hana laima tsakaninsa da katakon. Allunan su kwana aƙalla mako guda a cikin ɗakin domin su saba da iskarsa. A bar tazarar kamar santimita ɗaya a jikin kowane bango, a rufe ta da siririn katako. Loko da kawo sun fi jure wa gara, amma wannan bai hana zuba maganinta a harsashi ba.

Bayan an tare, abokan gaba biyu ne na kullum, yashi da ruwa. Ƙurar hunturu da yashin takalmi suna cin sheƙin daɓe kamar yadda samfefa ke cin allo, don haka al'adar tuɓe takalmi a bakin ƙofa ta fi kowane mai amfani. Shara da tsintsiya mai laushi ko burushi, goga kuma da tsumman da aka matse har ya daina ɗiga. Kwara bokitin ruwa, kamar yadda ake wanke tayil, shi ne kuskuren da ya fi yawa, sai zuba bilic ko kananzir a ruwan goga, wanda ke dusashe sheƙin. Buta da kaskon turaren wuta ba a ajiye su kai tsaye a kai, ƙafafun kujeru kuma a liƙa musu ƙyalle mai kauri.

Yana da kyau mai gida ya san abin da aka shafa wa daɓensa. Idan kaki ne, sai a riƙa sabunta shi. Idan man sheƙin da kafintoci ke kira banish ne, shafa kaki a kansa na sa santsi, yana kuma hana sabon shafi kamawa. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa a inda aka fi takawa. Idan ya tsaya dunƙule, shafin na nan. Idan katakon ya sha shi ya yi duhu, lokacin kiran kafinta ya yi. Katako na gaske ana iya kankare shi a sabunta sau da dama, amma na roba mai hoton katako ba ya kankaruwa, sai dai canji.

Babban haɗarin ga ma'aikacin Abuja shi ne kulle gida wata da watanni. Yoyon rufi ko tagar da ba ta rufu ba kan jiƙa daɓe ba mai gani, gara kuma ta fi son inda babu motsi. Ɗan uwan da zai buɗe ɗakin sau ɗaya a mako, ya sha iska, ya duba kusurwoyi, ya fi galan na banish amfani.

Tsofaffin matan unguwar ba za su yi mamakin wannan ba. A zamanin daɓen gargajiya, sukan taru su buga ƙasa da madaɓi, su yayyafa mata makubar da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa har ta yi ƙarfi da sheƙi, kuma da ta fara zaizayewa a sake shafawa tun kafin rami ya buɗe.