Kulob Ɗin Houston A Bisa Ma'auni: Zakaru Uku Da Giɓi Ɗaya

A cikin watan Agusta na shekarar 1996, shugabannin kulob ɗin ƙwallon kwando na Houston Rockets, wanda ke Jihar Teksas ta ƙasar Amurka, suka ƙulla wani ciniki wanda har yau masu sha'awar wasan ba su daina gardama a kansa ba. Suka ɗauki 'yan wasansu huɗu, watau Robert Horry da Sam Cassell da Chucky Brown da Mark Bryant, suka miƙa wa kulob ɗin Phoenix Suns, su kuwa suka karɓi ɗan wasa guda, Charles Barkley. A sa'an nan saura wata biyu da 'yan kwanaki a buɗe kakar wasa ta 1996 zuwa 1997, tambayar da ke bakin kowa kuwa ita ce, shin kulob ɗin zai iya komawa bisa karagar da aka ture shi?

Wannan magana ta shafi mutanen Nijeriya, domin ginshiƙin kulob ɗin shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, wanda ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya koma ƙwallon kwando. Houston ta zaɓe shi na farko cikin dukkan sababbin 'yan wasan da suka shiga gasar NBA a 1984, shi ne kuma ya ja ta har ta ci kofi sau biyu a jere, a 1994 da 1995, a ƙarƙashin mai koyarwa Rudy Tomjanovich.

ABIN DA YA KAWO CINIKIN

A gasar NBA kowane kulob yakan buga wasa 82 a kaka guda, sa'an nan waɗanda suka yi fice su shiga zagayen fitar da gwani, inda kulob biyu za su yi ta karawa har ɗaya ya ci wasannin da ake bukata. A 1996 Houston ta gama da nasara 48, ta fitar da Los Angeles Lakers a zagayen farko, amma da ta gamu da Seattle sai aka doke ta sau huɗu a jere, ko wasa ɗaya ba ta ci ba. Dabarar Seattle ba ɓoyayyiya ba ce. Da zarar ƙwallo ta isa hannun Olajuwon sai mutum biyu su rufe shi, su tilasta masa ya miƙa wa wani, sauran 'yan Houston kuwa suka kasa biyan bukata.

Akwai kuma wata matsala. Tun lokacin da aka ba da Otis Thorpe a watan Fabrairu na 1995 don a samo Clyde Drexler, kulob ɗin ya rasa ƙaƙƙarfan mutumin da zai taya Olajuwon cafke ƙwallo idan ta kuskure kwando. Barkley kuwa gwanin wannan aiki ne, ga shi kuma ba a iya barinsa da mai tsaro guda. Saboda haka cinikin yana da dalili: an sayo maganin Seattle ne.

ZAKARUN UKU

In dai suna ake dubawa, babu kulob ɗin da ya kai Houston a wannan kaka. A watan Oktoba na 1996 hukumar gasar ta fitar da sunayen mutum 50 da suka fi kowa gwaninta a tarihinta, aka kuwa sami Olajuwon da Drexler da Barkley duka a ciki. Olajuwon ne gwarzon gasar na 1994, Barkley ne na 1993, kuma su biyun sun dawo ke nan daga wasannin Olamfik na Atlanta da lambar zinariya. Drexler da Olajuwon sun san juna tun suna ɗalibai a Jami'ar Houston. Shi Barkley yana da wata ƙishirwa ta daban, domin bai taɓa cin kofin ba. Ya kai wasan ƙarshe a 1993 Chicago ta hana shi, sa'an nan Houston ɗin nan da kanta ta fitar da shi a 1994 da 1995, kowane karo sai da aka kai wasa na bakwai.

To amma ma'auni yana da gefe biyu. Olajuwon da Barkley kowannensu shekararsa 33, Drexler 34. Mario Elie, wanda zai cike gurbi na huɗu, yana da 32. Kevin Willis, dogon da aka ɗauko don ya riƙa hutar da manyan, shi ma 34. Horry da Cassell da aka sallama kuwa, babu wanda ya kai 27 a cikinsu, kuma dukansu biyu sun ci kofi sau biyu tare da kulob ɗin, sun saba da jifa a lokacin da zuciya ke rawa. Watau dai an sayar da gobe an sayi yau. Irin wannan ciniki ba ya halatta sai in an ci kofi cikin shekara ɗaya ko biyu, domin jikin ɗan wasa ba ya jiran kowa.

INDA GIƁIN YAKE

Mutum biyar ke shiga fili a kowane ɓangare, a cikinsu kuwa akwai guda wanda aikinsa shi ne ya ɗauko ƙwallo daga baya, ya tsara hari, ya rarraba wa abokansa, sa'an nan ya tsare takwaransa na ɗaya ɓangaren. Shi ne kamar madugu a ayari. Mutum biyu suka riƙe wa Houston wannan aiki a shekarun da ta ci kofi, Kenny Smith da Sam Cassell, sai ga shi a damina ɗaya duk sun tafi. Aka ɗauko Brent Price daga Washington don ya maye gurbinsu, shi kuma ya ji rauni tun ba a buɗe kaka ba.

Da haka ragamar ta faɗa hannun Matt Maloney, wani saurayi daga Jami'ar Pennsylvania wanda babu kulob ɗin da ya zaɓe shi lokacin da ya gama karatu, bai kuma taɓa buga wasan NBA ko ɗaya ba. Yaro ne mai natsuwa, yana da hannun jifa daga nesa, kuma tun da zakarun uku za su janye masu tsaro, zai sami sarari. Amma tsaron gida wani abu ne dabam. A shiyyar yamma, inda Houston take, manyan abokan hamayya biyu duk a wannan gurbi ƙarfinsu yake: Seattle tana da Gary Payton, Utah Jazz tana da John Stockton. Bayan su ga Lakers, wadda ta ɗauko Shaquille O'Neal a wannan damina. Wanda duk ya tsallake waɗannan, Chicago ta Michael Jordan tana jiransa, ita da ta ci wasa 72 cikin 82 a kakar da ta gabata.

Saboda haka duk wanda ya auna kulob ɗin da gaskiya a jajibirin kaka, abu biyu zai tambaya. Shin tsofaffin za su kai watan Mayu da lafiyarsu? Kuma wa zai tare madugun abokan gaba?

YADDA TA KAYA

Farkon kaka ya zo wa masu goyon bayan cinikin da daɗi. A wasansa na farko da rigar Houston, a gidan Phoenix da ya baro, Barkley ya cafke ƙwallo 33 daga kwando, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Kulob ɗin ya ci wasa 21 cikin 23 na farko. Daga nan sai shekaru suka fara karɓar harajinsu. Barkley ya buga wasa 53 kaɗai, Drexler 62. Olajuwon, wanda sai da aka kwantar da shi a asibiti saboda bugun zuciya da ya rikice, shi ne ya fi su juriya da wasa 78. Maloney kuwa ya fara dukkan wasanni 82. Aka gama da nasara 57, aka sha kashi 25.

A zagayen fitar da gwani Houston ta share Minnesota, sa'an nan ta gamu da Seattle, ta fitar da ita a wasa na bakwai. Maganin da aka saya ya yi aiki ke nan. Amma a wasan ƙarshe na shiyyar yamma sai ga Utah, kuma a nan giɓin ya buɗe. Stockton ya fi ƙarfin Maloney tun daga farko har ƙarshe. Wani tsohon hannu, Eddie Johnson, ya ceci Houston a wasa na huɗu da jifa mai maki uku daidai da ƙarewar lokaci, aka yi biyu da biyu. A wasa na shida, ranar 29 ga Mayu 1997, a gaban jama'arta, Houston tana gaba da maki 10 saura 'yan mintoci, Utah ta farke. Da lokaci ya zo ƙarshe ana 100 da 100, Stockton ya sami ƙwallo babu mai tsaronsa, Barkley ya taso masa a makare, ya jefa mai maki uku ta shiga. Aka tashi 103 da 100.

Wannan ita ce dama ta ƙarshe. A kakar da ta biyo, Olajuwon ya yi fama da gwiwa, kulob ɗin ya ci 41 ya faɗi 41, Utah ta sake fitar da shi, Drexler ya yi ritaya. Barkley ya bar wasa a shekarar 2000 ba tare da kofi ba. Houston ba ta ƙara tsallake ko da zagayen farko ba sai a 2009. Horry kuwa ya ci kofi biyar bayan tafiyarsa, uku da Lakers, biyu da San Antonio, Cassell ma ya ci ɗaya da Boston a 2008.

Duk da haka adalci ya wajaba. Babu tabbacin cewa da an riƙe samarin za a wuce Seattle, kuma ita Phoenix ba ta gama kakar da ko ɗaya daga cikin su biyun ba. Kuskuren bai tsaya ga sayen Barkley ba, yana ga barin gurbin madugu a hannun sa'a. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

BAYAN SHEKARA 29

A watan Yuli na 2025 tarihi ya so maimaita kansa. Houston, wadda Ime Udoka ya karɓi aikin koyar da ita a 2023, shi da mahaifinsa ɗan Nijeriya ne kuma ya taɓa buga wa Nijeriya wasa, ta ci wasa 52 a kakar 2024 zuwa 2025, amma Golden State ta fitar da ita a zagayen farko. Sai ta sake komawa kasuwar Phoenix, ta ba da Jalen Green da Dillon Brooks da wasu damammakin zaɓen sababbin 'yan wasa, ta karɓi Kevin Durant, wanda ya cika shekara 37 a watan Satumba na wannan shekarar.

A wannan karo akwai bambanci mai muhimmanci, domin ba a sayar da dukkan gobe ba. An riƙe Alperen Sengun ɗan Turkiyya da Amen Thompson da Jabari Smith, waɗanda a lokacin babu wanda ya wuce shekara 23 a cikinsu, aka kuma ƙara da Josh Okogie, wani haifaffen Ikko. Amma a cikin watan Satumban nan dai, tun ba a fara atisaye ba, madugun kulob ɗin, Fred VanVleet, ya tsinke jijiyar gwiwa. Tambayoyin nan biyu na 1996 suka dawo a jajibirin kakar 2025 zuwa 2026 kamar ba su taɓa tafiya ba.

Duk mai son auna kulob kafin kaka, ko na Amurka ne ko na Kano ko na Fatakwal, kada manyan sunaye su ɗauke masa hankali. Ya ƙidaya shekarunsu, ya duba waɗanda ke zaune a benci, sa'an nan ya nemi mutum na biyar ɗin nan da ba a ambata, domin ta wajensa abokan gaba za su shigo.