Siririn layin da ke raba jeri a kwamfuta

Jerin wasiƙu ko na sunaye a manhajar kwamfuta, idan ya yi tsawo kuma kowane abu ya ci sahu biyu ko uku, yakan gajiyar da ido. Mutum ya kasa gane inda wannan saƙo ya ƙare, wancan ya fara. Siririn layi a tsakani shi ne magani, amma jan sa ya fi yadda ake zato wuya.

A duba Swing, kayan gina fuskar manhaja da kamfanin Sun Microsystems ya sa cikin Java 1.2 a shekarar 1998. Teburinsa, JTable, umarni ɗaya ake ba shi ya ja layuka. Jerinsa kuwa, JList, babu wannan gata. Dalili shi ne JList ba ya ware wa kowane abu akwatinsa. Mai zane guda ɗaya tak gare shi, aikinsa irin na hatimi: a ɗora masa suna na farko a buga, a sauya a buga na biyu a ƙasa, har jerin ya ƙare. Mai son layi dole ya sassaƙa shi a jikin hatimin.

Nan ɗan koyo ke yin tuntuɓe. Sai ya kewaye hatimin ta gefe huɗu, layin ƙasan na sama ya haɗu da layin saman na ƙasa, kaurin ya ninka, jerin ya fito kamar an yi masa shinge. Gwanaye gefe ɗaya suke ja. Umarnin createMatteBorder yana karɓar kaurin sama, hagu, ƙasa da dama, sai a ba shi 0, 0, 1, 0, wato fiksel ɗaya a ƙasa kawai, da launin toka mai haske. Na ƙarshe a jeri ma akan tsallake shi, tunda babu abin da zai raba shi da shi.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan, kuma mai aiki da linzami ba ya lura da ita. Mai zanen JList na asali da iyakar da ke kewaye da hatimin yake nuna abin da kibod ke kansa. Wanda ya ɗora tasa a kai ya shafe alamar ke nan, mai bin jeri da maɓallan kibiya ya rasa inda yake. A ganina wannan sakaci ne, domin gyaransa ba wuya: createCompoundBorder yana haɗa iyaka biyu, sabuwa daga waje, ta asali daga ciki.

Ba kowane jeri ne ke son layi ba. Na sunaye masu sahu ɗaya, 'yar tazara ta ishe shi. Qt kuma, wani kayan gina fuskar manhaja, yana da setAlternatingRowColors, mai sauya launin bayan kowane sahu, dabarar da tsofaffin takardun firinta masu ratsin kore da fari suka riga kwamfutar tebur amfani da ita.