Burodin da Ya Kwana

Sau da yawa bayan karin kumallo nakan ga ragowar burodi a kwandon shara, wai don ya kwana ya yi tauri. Abin yana damuna. Waɗanda suka ga lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 sun san yadda burodi ya zama abin marmari. Kuma mun karanta a Yohanna sura 6 cewa bayan ciyar da mutum 5,000, sai da aka tattara gutsattsarin da suka rage, har kwando 12.

To, burodin da ya kwana bai lalace ba. Sitacin da ke cikinsa ne yake sake daskarewa bayan ya huce. In aka kai shi kusa da wuta sai zafi ya sassauta shi, ciki ya yi laushi, baya ya yi ja, ƙamshi ya tashi. Wannan ja da ƙamshi daga haɗuwar sukari da furotin suke fitowa, abin da wani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912.

Mu a ƙasar Kano ba sai an koya mana ba. Je ka wurin mai tsire ranar kasuwa a Rogo ko Karaye, ka ga yadda yake ɗumama gurasa a gefen garwashi kafin ya haɗa ta da nama. Ga kuma bandashe, inda ake yayyafa mata ruwa, a zuba garin ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, albasa da yaji. A Italiya sukan gasa yankan burodi, su goga masa tafarnuwa, su zuba man zaitun da tumatir, a ci kafin babban abinci. Bruschetta ke nan. Faransawa kuwa ƙanana suke yankawa, su gasa, su watsa a kan miya. Ni dai a ganina bandashe ya fi su riƙe ciki.

Amma ɗalibai, ku lura, tauri daban, fumfuna daban. In kun ga ɗigo kore ko baƙi, kada ku yanke wurin ku gasa sauran. Saiwoyin fumfuna sukan ratsa cikin burodi inda ido ba ya gani, kuma gashi ba ya kawar da dafin da wasunsu ke bari. Irin wannan kam sai a zubar, kada ma a ba kaji.